Turo-Turo: Shagon Abincin Talaka a Birnin Manila

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, sun kuma ce gani ya kori ji. A bana ina so in yi amfani da wannan fili da aka ba mu in ba ku labarin wani ɗan ƙaramin shagon abinci da ke wata unguwar talakawa a Manila, babban birnin ƙasar Filifin. Wataƙila wani ya ce, ashe yarinya za ta ƙetare teku ta je wata uwa duniya, ta dawo ta rasa abin ba da labari sai abinci? To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe. Abin da na ke so in nuna shi ne, talaka ma yana iya cin abinci mai daɗi da tsabta da kuɗi kaɗan, muddin mai dafawa ta san dabara, ta kuma san darajar abin da ke fitowa daga gonar ƙasarsu.

ƘASAR DA MUTANENTA

Kafin mu shiga shagon ya kamata mu san inda ya ke. Filifin ƙasa ce ta tsibirai a kudu maso gabashin Asiya. Tsibiran nan sun kai 7,641, an kasa su kashi uku: Luzon a arewa, inda Manila ta ke, Bisayas a tsakiya, sai Mindanawo a kudu. A ƙidayar 2020 mutanen ƙasar sun kai miliyan 109. Galibinsu Kirista ne 'yan ɗarikar Katolika. Musulmi kuwa sun kusa miliyan 7, yawancinsu a Mindanawo da tsibiran Sulu, inda fatake suka kai Musulunci tun ƙarni na 14.

Turawan Sifen sun kafa mulkinsu a can cikin 1565, suka ci Manila cikin 1571, suka kuma raɗa wa ƙasar sunan sarkinsu Filibus na Biyu. Sun riƙe ta har 1898, sa'an nan Amurka ta karɓa. Japan ta mamaye ta daga 1942 zuwa 1945, kana ta sami mulkin kai ran 4 ga Yuli, 1946. Ina roƙon mai karatu ya riƙe waɗannan shekaru, domin za mu sake gamuwa da su a cikin kwano.

Iyayenmu da suka yi sakandare wajen 1975 zuwa 1985 ba baƙin mutanen Filifin ba ne, gama a lokacin an ɗauko malamai da yawa daga can suna koyarwa a makarantun Arewa. Babana ma wata malama 'yar Filifin ce ta koya masa lissafi, har gobe kuwa yana yabon haƙurinta.

YADDA AKA YI NA JE

Yayana ya yi shekara huɗu a Manila yana karatun haɗa magunguna a wata jami'a. Da ya gama cikin 2025 aka gayyaci iyaye bikin ba da takardun shaida. Innarmu ba ta iya doguwar tafiya saboda ciwon ƙafa, sai Baba ya ce in tsaya a madadinta, tun da bikin ya faɗo cikin dogon hutu. Muka tashi daga Abuja, muka sauya jirgi a Doha, muka sauka Manila ana tsuga ruwa, gama watan Agusta damina ce a can kamar nan gida. Agogonsu yana gaban namu da awa 7, watau idan mu muna kalaci, su sun yi azahar.

Kashegari Yaya ya ce zai kai mu kallon tsohuwar ganuwar Turawan Sifen da bakin teku. Baba ya ce, "A'a. Kafin mu kalli kome, fara kai ni wurin baiwar Allahn nan da ta ciyar da kai." Dalilin wannan magana zai zo a gaba.

Muka shiga wata doguwar mota mai ado da a ke kira jifni. Asalinta daga motocin jif ne da sojan Amurka suka bari bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mutanen gari suka ƙara musu tsawo suka mai da su na haya. Ta sauke mu a unguwar Kiyapo. A nan ne Masallacin Zinariya ya ke, wanda aka gina cikin 1976, kuma tafiya kaɗan ce tsakaninsa da wani babban coci mai tarihi. Kewaye da masallacin akwai Musulmi 'yan kudu da suka zo birni neman abinci, ga kuma jami'o'i da yawa nan kusa, saboda haka titi cike ya ke da ɗalibai.

SHAGON DA MAI SHI

Shagon bai kai rabin ajinmu girma ba. Tebur huɗu ne da bencina, da fanka ɗaya a bango, da tulun roba na ruwan sha. A bakin ƙofa akwai kanta mai gilashi, an jera tukwane da farantai kamar goma sha biyu, kowanne da murfinsa. Irin wannan shago su kan ce masa karinderiya, ko kuwa turo-turo. A harshen Tagalog, wanda aka fi ji a Manila, turo shi ne nuna abu da yatsa. Ba a ba ka takardar sunayen abinci. Sai ka ɗaga murfi ka leƙa, ka nuna wanda ranka ya ke so, a zuba maka. Baba ya yi dariya ya ce sunan ya dace da Hausa ma, domin kai kana nunawa, mai abinci tana turo maka.

Mai shagon dattijuwa ce 'yar ƙabilar Magindanawo daga yankin Kotabato. Kowa yana kiranta Babu, wanda a harshensu ya ke nufin gwaggo ko inna. Namiji dattijo kuwa Bapa su ke ce masa, kusan yadda mu ke cewa Baffa. Da na ji Yaya ya ce, "Salamu alaikum, Babu," sai dariya ta kusa kuɓuce mini. Yaya ya ce, "Ke dai bari. Sunanta Babu, amma ban taɓa zuwa ta ce mini babu ba."

Akwai abin da ya wajaba in faɗa wa duk wanda Allah ya nufa da zuwa wannan ƙasa. Yawancin shaguna a Manila suna dafa naman alade, har su kan sa kitsensa cikin ganye da wake. Saboda haka tilas Musulmi ya nemi shagon da aka rubuta halal, ko ya yi tambaya, gama matambayi ba ya ɓata. Kalmomi huɗu sun isa: baboy shi ne alade, manok kaza, isda kifi, baka kuwa naman sa. Shagon Babu na halal ne, amma maƙwabtanta Kirista ma cike su ke da shi, kowa na cin abincinsa lafiya lau.

ABIN DA MUKA CI

Kamar yadda tuwo ya ke a wurinmu, haka shinkafa ta ke a wurinsu. Safe da rana da dare ita ce. Har suna uku gare ta: palay tana gona, bigas an sussuke, kanin an dafa. Duk abin da za a ci da ita, ko nama ko kifi ko ganye, sunansa ulam, watau mahaɗi. Da cokali da cokali mai yatsu su ke ci, wani lokaci kuma da hannu kamar mu. Idan ka iske mutum yana ci zai ce maka kain tayo, ma'ana mu ci, daidai da bisimillar da Bahaushe ke yi wa baƙo.

Abin da aka fara kawo mana shi ne pastil, abincin ƙabilar su Babu. Dafaffiyar shinkafa ce cikin tafin hannu, an ɗora mata naman kaza da aka zazzare aka soya da albasa da tafarnuwa, kamar dambun nama mai laushi, sa'an nan aka naɗe cikin ganyen ayaba. Ganyen shi ne kwano, shi ne kuma ke ba ta ƙamshi. Kuɗinsu sunansa peso, ƙunshi ɗaya kuwa peso 20 ne, abin da ko ɗan dako zai iya saye. Da shi ɗalibai ke karya kumallo suna tafe.

Na biyu adobo, wanda ya fi kowane abinci suna a ƙasar. A kan dafa kaza cikin ruwan tsami da su ke yi daga rake ko kwakwa, da baƙin ruwan waken soya mai gishiri, da tafarnuwa da masoro, a bar ta a kan wuta kaɗan kaɗan har romon ya kama jikinta. Sunan daga harshen Sifen ya fito, ruwan waken soya daga Sinawa, amma dafa nama da tsami da gishiri dabarar kakanninsu ce tun kafin zuwan Turawa. Hikimar ita ce, a ƙasa mai zafi da laima nama ba ya daɗewa, tsami da gishiri kuwa suna hana shi saurin lalacewa. Mu rana da iska Allah ya ba mu, muka yi kilishi. Su ba su da bushewar iska irin tamu, sai suka yi adobo.

Na uku sinigang, romon kifi mai tsami. Da na kai cokali baki sai na ji kamar na san wannan ɗanɗano. Ashe tsamiya ce! Ɗanyar tsamiya su ke dafawa su tace, su zuba tumatir da albasa da yalo da kuɓewa da wani ganyen ruwa mai kama da alayyafo. Tsamiya dai asalinta itacen Afirka ce, fatauci ya kai ta Asiya tun zamanin da. Mu kunu mu ke yi da ita, su kuwa miya. Baba ya ce gaskiya a fara ci sai an daure, amma kafin ya ankara ya shanye kwanonsa.

Na huɗu shi ya fi ba ni mamaki. Sunansa tinola, farfesun kaza ne da citta da ɗanyar gwanda, an watsa wani ganye a kai. Na duba da kyau na ce, "Yaya, wannan ai zogale ne." Ya ce ƙwarai kuwa, malunggay su ke ce masa, kuma su kan ba mai jego shi don ya ƙara mata nono. Zogalen nan da mu ke kwaɗo da shi, wanda waɗansu 'yan mata ke jin kunyar a gan su da shi, shi ne a ke alfahari da shi a birni mai jiragen ƙasa a sama.

Akwai kuma pansit, siririyar taliya da aka soya da kabeji da karas da 'yar kaza, a matsa mata wani ɗan mitsitsin lemon tsami mai suna kalamansi. Fataken Sin ne suka kawo ta. Unguwarsu ta Binondo, wadda aka kafa cikin 1594, tana nan kusa da Kiyapo har yanzu.

KAYAN ZAƘI

Mutanen Filifin suna da al'adar taɓa ɗan abu tsakanin abincin rana da na dare, su kan kira shi meriyenda. A nan ne kayan zaƙi ke fitowa, a nan ne kuma na fi buɗe ido.

Turon ayaba ce gajeriya mai kauri, irin wadda sai an dafa a ke ci. A kan tsaga ta, a barbaɗa jan sukari, a sa ɗan yankin wani ƙaton ɗan itace mai ƙamshi da a ke kira langka, a naɗe cikin fallen fulawa siriri kamar takarda, a soya. Waje ƙamas ƙamas, ciki kuwa laushi. Biko shinkafa ce mai danƙo da aka tuƙa da madarar kwakwa da jan sukari har ta yi kauri, a yanka gunduwa gunduwa. Ube doya ce mai launin shuni, a kan dafa ta a dame da madara da sukari. Da na gan ta na zaci rini aka sa, sai Babu ta ɗauko ɗanya ta yanka a gabana, na ga haka Allah ya halicce ta.

Lece filan na Turawan Sifen ne. Gwaiduwar ƙwai ce da madara da sukari, a turara su cikin ƙaramin gwangwani da aka shafa wa narkakken sukari. An ce a zamanin da farin ƙwai a kan gauraya da farar ƙasa wajen ginin manyan coci, sai gwaiduwa ta yi yawa, mata suka nema mata amfani.

Sarkinsu duka shi ne halo-halo. Halo na nufin gauraya. A kan ɗauko dogon tambulan a zuba dafaffen wake mai sukari, da ayaba, da langka, da dankali, da 'yan gutsattsarin wani abu mai santsi da a ke yi da ciyawar teku. Sai a cika da ƙanƙarar da aka kankare ta yi laushi kamar gari, a tsiyaya madarar gwangwani, a ɗora ube da lece filan a bisa. Babu ta miƙo mini dogon cokali ta yi mini alama in juya har ƙasa. Ni da ban taɓa jin an sa wa wake sukari ba, sai ga shi ina kankare gindin tambulan.

Yaya ya ce in dubi tambulan ɗin nan da kyau, tarihin ƙasar ne a ciki. Ayaba da kwakwa da ube nasu ne na gado. Dankali daga nahiyar Amurka ya zo, haka ma rogo da masara, gama daga 1565 zuwa 1815 jiragen ruwan Sifen suna kai da kawowa tsakanin Manila da Akapulko ta ƙasar Meziko, shekara 250 ke nan. Lece filan na Sifen ne. Madarar gwangwani ta bazu a zamanin Amurkawa, su ne kuma suka gina babbar masana'antar ƙanƙara a Manila cikin 1902. Masana tarihinsu sun ce 'yan Japan da suka zauna birnin kafin yaƙi su suka fara sayar da kankararriyar ƙanƙara da wake mai zaƙi, a nan kusa da kasuwar Kiyapo. Kowane baƙo ya zo da nasa, masu gida suka karɓa suka gauraya, ya zama nasu. Ga shi a lokacin da muka je peso 50 ya isa mutum ya sha.

ME YA SA ABINCIN KE DA ARHA?

Mu uku muka ci muka ƙoshi, har da kayan zaƙi, kuɗinmu bai kai peso 500 ba. Yaya ya ce a manyan gidajen abinci na cikin gari wannan ba zai ishi mutum ɗaya ba. Cikin kwana tara da muka yi na koma shagon sau biyar, ina kallo ina tambaya, Yaya na yi mini tafinta inda Turanci ya gaza. Ga abin da na fahimta.

Na farko, Babu ta kan tashi tun kafin asuba ta je kasuwa da kanta, ta sayi abin da ya yi arha a ranar. Ba ta cewa lalle sai kaza. In kifi ya faɗi, ranar kifi za a ci. Ta kan dafa kome sau ɗaya cikin manyan tukwane, saboda haka wuta ba ta ci mata kuɗi.

Na biyu, tana sayarwa gwargwadon aljihun mutum. Shinkafa da kofi a ke aunawa. Mahaɗi kuwa akwai cikakken awo, akwai rabi. Wanda ba shi da kuɗin nama ya sayi ganye ko wake. Romo kyauta ne, ruwan sha ma haka. Ba wanda zai shigo da 'yan kuɗinsa ya fita da yunwa ko da kunya.

Na uku, ba a zubar da kome. Shinkafar da ta kwana a kan soya ta da tafarnuwa da safe, ta zama abin karin kumallo. Ayabar da ta nuna ƙwarai ta zama turon. Ƙasusuwan kaza su ne romon kyauta. Kwakwa kuwa a sha ruwanta, a matse madararta, a yi gawayi da ƙoƙonta.

Na huɗu, da yawa daga cikin abin da ke cikin tukwanen nan a ƙasar a ke noma shi. Filifin tana cikin ƙasashe uku da suka fi kowa noman kwakwa a duniya, tare da Indunusiya da Indiya, don haka madarar kwakwa ta tsaya musu a matsayin mai da nono.

Na biyar, hannu da yawa. Iyalin a saman shagon su ke kwana. Mijinta ke kankare ƙanƙara, 'yarta da ke karatun aikin jinya ita ke karɓar kuɗi in ta taso daga makaranta, ba ta kuwa jin kunyar abokan karatunta su gan ta tana goge tebur. Babu ta ce da tukwanen nan ta biya wa 'ya'ya uku kuɗin makaranta.

Na shida, tsabta. Kowace tukunya a rufe ta ke, cokula kuma cikin tafasasshen ruwa su ke zaune. Ta ce riba kaɗan ta ke ci a kan kowane kwano, don haka arzikinta shi ne mutum ya dawo gobe. Mai saye na kullum suna da suna na musamman da su ke kiransa, watau suki, kuma shi a kan yi wa gyara.

BASHIN DA BA A BIYA DA KUƊI

Yanzu sai in koma ga maganar Baba. Kowa ya san yadda darajar naira ta faɗi a watan Yunin 2023, ta sake faɗuwa a farkon 2024. Kuɗin da Baba ke aika wa Yaya ba su ragu ba a nan, amma in an canza su a can sai su koma rabi. Yaya bai gaya wa kowa ba. Ya biya kuɗin makaranta da na ɗaki, ya koma cin abinci sau ɗaya a yini. Ya kan zo shagon ya sayi shinkafa kofi ɗaya, ya roƙi romon kyauta, ya koma lungu ya ci.

Babu ta lura. Ran nan sai ta zuba masa kaza ba tare da ya nuna ba, ta ɗauko wani tsohon littafi ta buɗe sabon shafi, ta ce ya riƙa ci tana rubutawa, in kuɗi sun zo ya biya. Wata huɗu tana ciyar da shi a haka, ba ta san iyayensa ba, ba ta san garinsu ba, ba ta kuma karɓi jinginar kome ba. Sai bayan da Baba ya sayar da shanu biyu ya aika aka biya bashin, a lokacin ne Yaya ya faɗi abin da ya faru.

Baba ya kawo mata turmin atamfa da dabino, da hular zanna ta mijinta. Ya ce, "Baiwar Allah, kuɗinki an biya, amma alherinki ba mu da abin biyansa, sai dai Allah ya saka miki." Ta rufe fuska da gyale, ta ce, "Bapa, ni ma ɗana yana aiki a Riyad. Kullum na zuba wa ɗan wani abinci, ina fata wata ta zuba wa nawa." Mutanen Filifin miliyoyi ne ke aiki a ƙasashen waje, saboda haka kusan kowane gida ya san zafin rabuwa. Ban taɓa ganin hawaye a idon Baba ba sai ran nan. Na kalmar godiya kuwa ba mu sha wuya ba, domin salamat su ke cewa.

GA WANDA ZA MU IYA GWADAWA

Cikin kayan zaƙin da na ci akwai wanda ba ya bukatar kome daga waje, shi ne wainar rogo. Ga yadda Babu ta koya mini, na kuma gwada a gida ya yi kyau. A sami rogo mai zaƙi, irin wanda mu ke dafawa mu ci da ƙuli, ba mai ɗaci na yin gari ba. A ɓare, a wanke, a cire jijiyar tsakiya, a goge shi da magogi, a matse ruwan sosai a zubar. A auna gwangwanin madara 4 na rogon. A goge kwakwa 2, a zuba ruwan ɗumi, a matse a tace, a sami madara gwangwani 2. A haɗa da madarar gwangwani 1, sukari gwangwani 1, ƙwai 2, da man shanu cokali 2. A shafa wa faranti mai, a zuba, a gasa. Wanda ba shi da tanda ya sa farantin cikin tukunya mai yashi, garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Bayan kamar minti 50 a soka tsinke, in ya fito ba danshi ta nuna. Lalle a tabbata ta gasu har ciki, gama ɗanyen rogo yana da dafi.

KIRA GA 'YAN'UWA DA IYAYE

Malamin labarin ƙasa ya gaya mana Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya noman rogo. Muna da dankali, da tsamiya, da zogale, da gyaɗa, da riɗi, da aya. Muna da alkaki da nakiya da dubulan da kakanninmu suka ƙago, waɗanda ba su gaza na kowa ba. Amma sau nawa mu ke ganin tumatir da mangwaro suna ruɓewa a kasuwa? Sau nawa a nan makaranta mu ke zubar da tuwo a kwata, sa'an nan mu ruga kanti mu sayi biskit?

'Yan'uwana ɗalibai, kada mu raina darasin koyon girki da tattalin gida, mu ce na waɗanda ba su iya kimiyya ba ne. Sanin abin da ke hana nama lalacewa kimiyya ce, sanin yadda za a raba tukunya ɗaya a fid da riba kuwa lissafi ne. Kada kuma mu yi wa wadda uwarta ke sayar da ƙosai ko waina dariya, domin da yawa daga cikinmu da kuɗin kaskon nan aka saya mana akwati da katifa. Iyayenmu kuma ina roƙonku ku bar mu mu koyi sana'a lokacin hutu, maza da mata, gama ba kowa zai sami aikin ofis ba, amma kowa sai ya ci abinci. Masu sana'ar abinci kuma su riƙe tsabta da amana, su tausaya wa baƙo da ɗalibi da almajiri, gama alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya albarkaci gonakinmu da tukwanenmu, ya kuma saka wa malamanmu da iyayenmu da alheri, amin.